Taransifomar Keken Inna

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Nakan fara, in yi layi biyu ko uku, sai in ce wa kaina, kai da ka tsaya a aji shida na firamare, me ya kai ka rubutu a kan lissafin wutar lantarki, alhali ga waɗanda suka yi shekaru suna karanta shi? Sai in yage takardar. Babban tsorona shi ne in faɗi abu ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi, kayansa su ƙone, alhakin ya hau kaina. Don haka tun daga nan ina roƙon mai karatu, duk lambar da ya gani a rubutun nan kada ya yi aiki da ita sai ya tambayi masani.

Abin da ya sa na daure a wannan karon wari ne. Kwanakin baya na shiga ɗakin mahaifiyata in gaishe ta, tana kan keken ɗinkinta, sai hancina ya kama warin banish mai zafi, irin wanda ake shafa wa wayar jan ƙarfe. Na durƙusa na taɓa ɗan akwatin katakon da ke ƙarƙashin keken, na janye hannu da sauri. A cikin akwatin nan akwai taransifomar da ke rage ƙarfin wuta kafin ta shiga injin keken. Ƙanen Inna ne ya naɗa ta da hannunsa tun ina yaro, kuma idan ta mutu, ɗinkin Inna ya tsaya. Na zare wayar daga bango. Inna ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai dai ba ka rabo da tsoro." Gaskiyarta. Amma ni na san yadda aka yi abin nan, ina wurin.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bagudo, can wajen Illo, kusa da iyakar Benin, inda mutum zai kwana a ƙasa ɗaya gonarsa tana wata. A lokacin da nake ba da labari babu wutar layi a garin. Mahaifina fataucin albasa yake yi, yakan tsallaka ya yi watanni bai dawo ba, don haka keken Inna ne yake riƙe da tukunyar gidanmu. Keke ne na ƙafa. Da sautinsa muke tashi, da shi muke wuni, har kaji sun saba ba sa gudu. A shekarar nan sai gwiwarta ta dama ta fara kumburi. Takan shafa man kaɗanya ta ɗaure da tsumma mai ɗumi, ta taka kaɗan, ta tsaya ta riƙe bakin teburin. Ƙarshen damina ne, kogin Kwara ya cika ya shanye hanyoyi, an fara cirar gyaɗa, ga Sallah ta matso. Yadukan matan unguwa sun taru a kusurwar ɗaki har sun kai tsayina. Nakan tsaya in dube su cikin damuwa, domin na ji wata mata a bakin rijiya tana cewa idan abin ya gagara gara a karɓe kaya a kai wa telan kasuwa.

Kawu mai gyaran rediyo ne, yana da rumfa a bakin kasuwa. Wata rana ya shigo da wani abu naɗe cikin tsumma, ya ajiye gaban Inna. Ɗan inji ne baƙi, bai fi girman gwanda ba, wanda ake ɗaura wa keke ya riƙa juya shi da lantarki, mai ɗinki ya ɗan danna da yatsun ƙafa kawai. A cikin kayan gwanjon da ake kawowa daga Kwatano ya same shi, a kasuwar tsallaken iyaka. Maƙwabcinmu mai sayar da ruwan sanyi yana da janareta, ya kuma yarda a ja waya daga wurinsa kullum da rana. Sai dai akwai matsala. A jikin injin an buga lamba ɗari da goma, janareta kuwa ɗari biyu da ashirin yake bayarwa. Maƙwabcin ya ce wuta ai wuta ce, a jona kawai a gani. Kawu ya ce idan aka jona, kafin Inna ta gama hannun riga ɗaya injin ya zama gawayi, kuma babu irinsa na biyu a duk kasuwar.

A zauren gidanmu ya zauna yin aikin naɗa taransifomar da za ta rage wutar, ni kuma ya sa ni riƙe masa kwarkwaron waya. A nan na koyi ɗan abin da na sani. Ya ce wutar lantarki abu uku ake dubawa a kanta. Akwai bolt, shi ne ƙarfin turinta. Akwai amfiya, ita ce yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Idan ka ninka wannan da wancan sai ka sami wat, wato aikin da wutar za ta iya yi. Injin Inna yana son bolt ɗari da goma da amfiya ɗaya saura kaɗan, kawu ya cike ta ɗaya, ya ce wat ɗari da goma ke nan. Na tambaye shi ko taransifoma tana cinye rabin wutar ne tunda ɗari biyu da ashirin ke shiga, ɗari da goma ya fito. Ya yi dariya ya ce taransifoma ɗan canji ce, irin na bakin iyaka. Ka ba shi naira ya ba ka sefa, lamba ta sake, amma dukiyar tana nan yadda take, sai ɗan abin da ya cire na wahalarsa, wanda a taransifoma shi ne ɗumin da kake ji a jikinta. Inda bolt ya sauka rabi, amfiya ta ninka biyu. Ta gefen janareta rabin amfiya ce za ta bi, ta gefen inji ɗaya cur. Shi ya sa ya tanadi waya iri biyu, siririya ta gefen janareta, mai kauri ta gefen inji.

Ƙarfen tsakiya, wanda ake naɗa wayar a kansa, daga wata matacciyar rediyo babba ya ciro shi, falle-falle, kowane kamar cokali mai yatsu uku. Ya auna shi ya yi wani lissafi a ƙasa da tsinke, wanda ban gane ba, kuma shi ne abin da ke damuna har yau. Ya ce wannan ƙarfe naɗi huɗu yake so a kan kowane bolt ɗaya. Ke nan siririyar waya zagaye ɗari takwas da tamanin, mai kauri ɗari huɗu da arba'in. Da yana da mitarsa ta awon wuta da aikin ya zo da sauƙi, sai a gama a auna. To mitar ta faɗa ruwa a farkon damina ranar da jirginsu ya kusa kifewa, allurarta ta ƙame wuri ɗaya. Ba abin da ya rage masa sai ƙirga.

Yadda yake ƙirgar shi ne, ya ɗebo ɓararriyar gyaɗa a kwano ya ajiye hagunsa, ya ajiye tasa babu komai a kusa. Duk zagaye ashirin sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa a tasa, ba tare da ya ɗaga kai ba. Ranar farko muka yi siririya, ƙwaya arba'in da huɗu, lafiya lau. Na ƙirga su sau uku da kaina har kawu ya ce in bar su haka nan kada su tsiro. Ya rufe naɗin da takardar buhun siminti. Washegari aka shiga mai kauri, wadda ƙwaya ashirin da biyu ake nema.

Bayan azahar sai kakana ya shigo zauren, wato mahaifin babana, mai gidan gaba ɗaya. Ya shimfiɗa buzunsa dab da kawu ya zauna kallon aiki. Kawu ya sauke murya ya gaishe shi, ya ƙara sunkuyar da kai, domin surukin yayarsa ne, ko ido ba ya haɗawa da shi. Tsohon ya kama hira, yadda ruwa ya shiga shinkafar fadama, yadda wata dorina ta taɓa kore su a jirgi suna samari. Kawu yana cewa na'am, leɓɓansa suna motsi da ƙirga. Ni kuma idona yana kan waya kada ta murɗe, don an gargaɗe ni. Da aka kira la'asar tsohon ya naɗe buzunsa ya fita.

Da muka dawo daga masallaci kawu ya ƙarasa, ya zube tasa ya ƙirga, ashirin da biyu cif. Amma ya daɗe yana juya naɗin a hannunsa. Ya dubi sauran wayar da ke kan kwarkwaro, ya sake duban naɗin, ya ce abin nan ya yi ƙiba fiye da yadda ya kamata. A nan ne na tuna abin da na gani a sahun salla. Jan ɓawon gyaɗa ne a gemun kakana. Kwanon yana can hagun kawu, tasar ce ke kusa da gwiwar tsoho.

Na faɗa wa kawu. Ya ajiye naɗin a hankali ya dafe kai. Duk ƙwaya ɗaya da ta fita daga tasar, kawu ya maimaita zagaye ashirin ke nan bai sani ba, zagaye ashirin kuwa bolt biyar ne a kan injin. Na ce a warware a sake mana. Ya ce wayar mai kauri daga tsohon famfon ban-ruwa ya ciro ta, ya riga ya miƙar da ita sau ɗaya, idan aka warware duka aka sake naɗawa banish ɗinta zai tsage, waya ta taɓa waya, kuma ba shi da wata. Abin da zai yiwu shi ne a rage daga sama a yanke a yar. Amma nawa za a rage? In an rage kaɗan inji ya ƙone, in an zarce ya riƙa gurnani ba ƙarfi yana zafi. Mutum ɗaya ne ya san amsar, kuma kawu ba zai iya tambayarsa ba. Inna kuwa ko sunansa ba ta faɗa, ko abinci ba ta ci a gabansa, balle ta ce masa me ka ci. Suka dube ni su biyu. Jika ne kaɗai ke da bakin yi wa kaka irin wannan tambaya.

Na same shi bayan gida yana ɗinke ragar kamun kifi. Mu a wajenmu gujjiya muke ce wa gyaɗa.

"Tsoho, gujjiya nawa kac ci?"

"Wace gujjiya?"

"Ta cikin tasa."

"Ta ubanka ce? Ni nan nan noma ta, ja'iri. Yau kuma awon bakina aka aiko ka?"

Na ce masa ƙirga ce ake yi da ita, na yi masa bayanin bolt biyar iyakar iyawata. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Ukku," ya ce. Na juya zan tafi, sai ya ƙara, "Ko huɗu. Guda ruɓaɓɓa ce na tofar, ita ma cikin lissahi take? Ka ce ma kawunka, wanda duk ya aza gujjiya gaban tsoho sadaka yay yi."

Na kai amsa. Kawu ya ce uku ko huɗun tsoho ba abin da za a ɗora injin mutane a kai ba ne. Na zauna a ƙasa da tsinke ina lissafi. In uku ne, ɗari da ashirin da biyar. In huɗu ne, ɗari da talatin. In kuma ya fi haka fa? In muka rage na uku alhali bakwai ya ci? Na goge na sake, na goge na sake, tuwon dare ma kasa cinsa na yi. Inna ta ce a bar maganar, kada wanda ya ƙara tayar da ita, ba za a kunyata mai gida a kan ƙarfe ba. Ta mayar da injin cikin tsummansa, ta ɗaure gwiwa, ta hau kekenta kafin magariba. Zana ɗaya ce tsakanin ɗakinta da inda tsohon ke zaune. Keken ya yi tafiya kaɗan ya tsaya. Ya sake tashi ya tsaya. Tsayawar tana fin tafiyar tsawo. Na leƙa na ga tsohon ya ajiye ragar a cinyarsa, ba ya ɗinki.

Da safe ba a gan shi ba. Babu malafarsa, babu filafilin jirginsa. Ranar kasuwar tsallake ce, ga ruwa ya cika, ga shi shekaru sun ja, ya daɗe da barin tuƙi mai nisa. Wunin nan ban zauna ba. In je bakin ruwa in dawo, in leƙa ɗakin Inna, in koma. Na riƙa cewa a raina da ban ga gemun nan ba, da na yi shiru, in wani abu ya same shi bakina ne ya jawo. Kakata ta ce in zauna ko ta ɗaure ni a turken akuya.

Sai da rana ta yi sanyi ya shigo, wandonsa jiƙe har gwiwa, da wani mutum a bayansa riƙe da jakar fata. Mutumin Dendi ne, tsohon abokinsa, mai gyaran rediyo a tsallaken iyaka. Ya ƙi ba da aron mitarsa, ya ce ko matarsa ba ta taɓa ta, don haka tsohon ya ɗauko shi da mitar gaba ɗaya. Kakana bai yi wa kowa bayani ba. Ya ce da kawu, "Ga baƙo nan, a ba shi ruwa," ya shimfiɗa buzu ya zauna kamar wanda ya dawo daga masallaci.

Aka jera ƙarfen, aka roƙi maƙwabci ya tayar da janareta. Baƙon ya fara auna gefen janareta, allura ta tsaya a ɗari biyu da ashirin. Ya matsar da wayoyinsa gefen inji. Allurar ta tashi ta wuce ɗari da goma, ta wuce da ashirin, ta wuce da talatin, ta tsaya a ɗari da arba'in. Kawu ya sunkuyar da kai. Ni ne bakina ya kuɓuce, na ce, "Shidda!"

Tsohon ya leƙa mitar ya ce, "Allurar ga ba ta da kunya."

Baƙon ya ce, "Ai ba ta da suruki."

"Kai kuma in ka ƙara magana da iyo za ka koma gida."

Har kawu sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya. Daga nan aka kashe janareta, aka zare ƙarfen, kawu ya warware zagaye ɗari da ashirin, wannan karon da ƙarfi muke ƙirgawa, ni da shi da baƙon, baƙon da Faransanci mu da Hausa. Aka mayar aka auna, ɗari da goma. Inna ba ta fito ba sai da tsohon ya raka abokinsa masauki. Ta zauna, ta danna da yatsa, keken ya zabura da gudun da bai taɓa yi ba, ɗinkin farko ya karkace kamar hanyar maciji. Ta yi dariya har da hawaye ta farke shi. Kafin Sallah kusurwar ɗakin ta zama fayau, ba wadda ta karɓe yadinta. A cikin abin da ta ɗinka har da rigar tsohon, wadda ba shi ya kawo yadin ba. Ya saka ya ce wuyan ya matse shi, ya kuma yi shekaru yana sawa.

Yau tsohon ya daɗe da rasuwa, kawu ma ya bi shi. Wutar layi ta zo garinmu, tana zuwa tana ɗaukewa, rufin kwano ya cika da faifan sola. Masu gyaran yanzu ba sa naɗi, abu ya mutu su cire su sa sabo, ban kuma ga laifinsu ba, haka kayan suke zuwa. Na ɗauki akwatin na kai Bagudo, duk wanda na nuna wa sai ya ce in saya wa tsohuwa sabon inji mai ɗari biyu da ashirin in huta. Na saya. Ta danna shi sau biyu ta ce yana fizgar yadi, ƙafarta ba ta san shi ba, a mayar mata da nata. Ɗinkin da take yi yanzu bai wuce rigunan jikoki da facin zannuwan maƙwabta ba, amma ranar da ba ta hau keken ba takan wuni kwance, ba ta cin abinci sosai. Na lura da wannan tun ranar da na zare wayar.

Na sami wani saurayi a Kamba da ya ce zai gwada sake naɗin, idan na kawo masa adadin zagaye da lambar kaurin waya, domin yana jin na cikin sun narke sun manne, ba za su ƙirgu ba wajen warwarewa. Na ce masa huɗu a kan kowane bolt. Da na hau mota sai shakka ta kama ni. Yaro ne ni a lokacin, idan biyar kawu ya ce fa? Lissafin ɗari da arba'in ɗin yana nuna huɗu ne, na bi shi ya fi a ƙirga, amma ban yarda da kaina ba. Lambar wayar kuwa ban taɓa sani ba.

Don haka ga roƙona ga duk wanda ya karanta wannan kuma ya san aikin. Na auna yatsan tsakiya na ƙarfen da tef ɗin Inna, faɗinsa inci ɗaya da kwata, kaurin fallayen a haɗe shi ma inci ɗaya da kwata. Ta yaya ake fitar da adadin zagaye daga wannan awo? Wace lambar waya ce ke ɗaukar rabin amfiya, wace ce ke ɗaukar ɗaya, ba tare da zafi ba? Ƙarfe mai wannan girma ya isa ɗaukar wat ɗari da goma, ko dama a kan gaɓa yake tun farko? Kuma zafin nan tsufa ne kawai, ko wutar layi ce ke hawa fiye da ta janareta? Idan akwai wanda har yanzu yake naɗi da hannu tsakanin Bagudo da Kamba da Dole Kaina, ko a tsallaken iyaka ne, a taimaka a faɗa a inda aka ga rubutun nan, zan je da kaina. Don Allah kada a jinkirta. Akwatin yana ɗakina na kulle, Inna ta ce ta ba ni zuwa sabon wata, jiya kuma na tarar ta sa jikanta ya mayar wa keken igiyar ƙafa, ta ɗaure gwiwa tana takawa.